NEMAN SHAIDA DAGA WANDA YA DUBA AIKINKA: DARASI GA ƊALIBAN DA SUKA YI KOYON AIKI

Gabatarwa

Kowace shekara matasa masu yawa suna fitowa daga manyan makarantun ƙasar nan da takardun kammala karatu a hannu, su shiga neman aiki. Kusan duk inda suka nufa, ko ma'aikatar gwamnati ce, ko banki, ko kamfani, ko ƙungiyar agaji, sukan tarar da wani gurbi a ƙarshen fom inda ake son mai neman aiki ya rubuta sunayen mutum biyu ko uku waɗanda za su ba da shaida a kansa. Da yawa sukan cike wannan gurbi a gaggauce. Wani ya sa sunan kawunsa, wani ya sa sunan wani babban mutum da bai taɓa gani ba sai a taron ɗaurin aure. Alhali kuwa akwai wanda ya fi waɗannan cancanta, watau ma'aikacin da ya duba aikinsa a lokacin da makaranta ta tura shi koyon sanin makamar aiki.

Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa shaidar wannan mutum take da nauyi, da yadda ake nemanta cikin ladabi, da kuma iyakar abin da ya dace a roƙa a wurinsa. An ɗauko misalai daga birnin Gombe da kewayensa, amma abin da ke ciki ya shafi kowane ɗalibi da ɗaliba a ko'ina cikin Tarayyar Nijeriya.

1. Asalin shirin koyon aiki

A shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, mai hedkwata a Jos. A shekarar 1973 wannan hukuma ta ƙirƙiro shirin tura ɗalibai ma'aikatu da masana'antu domin su koyi aiki da hannunsu kafin su gama karatu, shi ne ake kira SIWES. Abin da ya kawo haka shi ne kukan da masu ɗaukar ma'aikata suke yi, cewa waɗanda suka fito daga makarantu sun san littafi, amma ba su saba da injin ko kayan aikin da za a damƙa musu ba.

Ɗaliban jami'a galibi sukan yi wata 6 a wannan horo. Na kwalejojin kimiyya da fasaha sukan yi wata 4 bayan shekararsu ta farko, sa'an nan su yi shekara guda a wurin aiki bayan ƙaramar difloma, kafin su koma neman babbar difloma. Masu karatun malanta suna da nasu gwajin koyarwa a makarantu, likitoci da masu harhaɗa magunguna kuma suna da tasu shekara guda ta aiki a ƙarƙashin manya. Haka nan mai yi wa ƙasa hidima a ƙarƙashin hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, yana da shugaba a wurin da aka tura shi. Duk waɗannan darasin nan ya shafe su.

A Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ɗalibai suna fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, wadda aka kafa a 1977, da Jami'ar Jihar Gombe ta 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere ta 2011, da sauran makarantu. Wasu sukan sami gurbin koyon aiki a ma'aikatun jiha da bankuna da gidajen rediyo na cikin gari, wasu a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wasu kuma sukan fita bayan gari, zuwa kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, ko madatsar ruwa ta Dadin Kowa, inda ake tace ruwan da birnin yake sha.

Duk inda ɗalibi ya je, akwai masu lura da shi. Malamin makarantarsa yakan kai ziyara jefi-jefi, jami'in ITF ma yakan duba. Amma wanda yake ganinsa safe da yamma shi ne ma'aikacin da aka haɗa shi da shi a wurin aikin. Shi ne yake sa hannu a littafin da ɗalibi yake rubuta ayyukansa na kowace rana, shi ne kuma yake rubuta ra'ayinsa a kan ɗalibin idan horo ya ƙare.

2. Dalilin da ya sa shaidarsa take da nauyi

Takardar makaranta tana nuna makin da mutum ya ci a jarrabawa. Amma mai ɗaukar ma'aikaci yana son sanin wasu abubuwa da takarda ba ta faɗi. Shin wannan yaro yana zuwa aiki a kan lokaci? In an ba shi ajiyar kaya ko kuɗi, yana riƙe amana? In ya yi kuskure aka gyara masa, yana karɓa ko yana ɗaure fuska? Yana iya zama da abokan aiki lafiya? Kawunka ba zai iya amsa waɗannan tambayoyi ba, domin bai taɓa ganinka a bakin aiki ba, kuma an san zai yabe ka ko da yaya kake. Wanda ya duba aikinka wata 6 kuwa, da idonsa ya gani, gani kuma ya kori ji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A kasuwar hatsi, baƙon ɗan kasuwa ba ya samun kaya bashi sai wani dillali ko maigida sananne ya ce ya san shi. Yaron da ya koyi ɗinki ko ƙira ko kanikanci, in aka yaye shi, maganar maigidansa ce take kawo masa masu ba da aiki na farko. Abin da ofis ya ƙara kawai shi ne a rubuta shaidar a takarda, a sa hannu, a buga hatimi.

Har wa yau, amfanin shaidar bai tsaya ga neman aiki kaɗai ba. Jami'o'in gida da na waje suna neman wasiƙun shaida daga mai son ƙaro karatu. Tallafin karatu na Chevening, wanda Gwamnatin Birtaniya take bayarwa, yana neman masu shaida biyu. Injiniya mai neman rajista da hukumar COREN ma yana bukatar injiniyoyi masu rajista su tsaya masa. Wanda ya bar zumunci da manyansa na wurin koyon aiki ya yanke, zai sha wuya a irin waɗannan wurare.

3. Abubuwa uku da bai kamata a gauraya ba

Na farko, shaida. Ita ce mutum ya faɗi abin da ya sani game da halinka da aikinka, ko a rubuce, ko ta waya idan aka tambaye shi.

Na biyu, gabatarwa. Ita ce ya sanar da kai inda ake neman ma'aikata, ko ya ambaci sunanka ga wani abokin sana'arsa da ke neman mutum irinka. Wannan ta fi shaida nauyi, domin ya sa mutuncinsa a gaba tun ba a tambaye shi ba.

Na uku, lamuni. Bankuna da kamfanonin da ma'aikaci zai riƙe kuɗi ko kaya sukan nemi wanda zai tsaya masa, watau ya sa hannu cewa in wani abu ya salwanta za a iya nemansa. Wannan nauyi ne na shari'a. Wanda ya san ka wata 4 ko wata 6 kaɗai yana da cikakken uzuri in ya ƙi ɗaukarsa. Saboda haka lalle ka karanta fom da kyau, ka san wanne ake nema, ka kuma faɗa masa a fili. Kada ka ce masa shaida kake so, sa'an nan ka miƙa masa takardar lamuni. In lamuni ake bukata, dangi da waɗanda suka daɗe da saninka su ne suka fi dacewa.

4. Shiri tun kana wurin horo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shaidar da za ka nema bayan shekara 2 ko 3, tun ranar da ka fara horo kake rubuta ta da halinka. Ɗalibin da yake zuwa ranar Juma'a kawai domin a sa masa hannu a littafi, bai bar wa mai duba shi abin da zai faɗa ba.

Kafin ka bar wurin, ka yi abubuwa huɗu. Ka rubuta cikakken sunan wanda ya duba ka da muƙaminsa da sashensa daidai yadda yake rubuta su. Ka nemi izninsa ka ajiye lambar wayarsa da adireshinsa na imel. Ka roƙi ofis ya ba ka takardar da ke tabbatar da ranar da ka fara da ranar da ka gama. Sa'an nan ka ɗauki hoton shafukan littafinka inda ya sa hannu ya yi sharhi, domin littafin kansa makaranta za ka mayar wa. A ranar sallama ka ce masa, "Yallaɓai, in Allah ya kai mu lokacin neman aiki, ina roƙon izni in sa sunanka cikin masu shaidata." Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, a ranar kuwa aikinka yana nan sabo a ransa.

Bayan ka tafi, kada ka ɓace. Gaisuwar Sallah ko ta Kirsimeti, da saƙo ranar da ka gama karatu, da wani ranar da aka tura ka hidimar ƙasa, sun isa su sa ya riƙa tunawa da kai. Ka tuna ba kai kaɗai ne ya horar ba, kowace shekara sababbi suna zuwa.

5. Yadda ake roƙon

In kana cikin gari, zuwa da ƙafa ya fi. Ka fara kira ko ka aika saƙo ka nemi lokacin da ba shi da cunkoso, ka je ofis a lokacin aiki. Kada ka bi shi gida da dare sai in shi ya ce ka zo. In kana nesa, wasiƙa ko imel sun wadatar, sa'an nan ka biyo da kira. Saƙon WhatsApp ba laifi ba ne in da ma ta nan kuke gaisawa, amma a rubuta shi cikakke da sallama da suna, kamar yadda za a rubuta wasiƙa.

Ka fara da tuna masa ko kai wane ne: sunanka, makarantarka, shekara da watannin da ka yi, da wani aiki takamaimai da kuka yi tare. Sa'an nan ka faɗi aikin da kake nema, da wurin, da ranar da za a rufe karɓar takardu. Ka haɗa masa da kwafin sanarwar aikin, da takardar tarihin karatunka da aikinka, wadda ake kira CV. Ka bayyana yadda ake son shaidar: wasiƙa ce zai ba ka a rufe, ko za a kira shi, ko kuwa za a aiko masa da fom ta intanet ya cike da kansa, kamar yadda jami'o'in Ingila da Amurka suka saba yi. Ka ba shi aƙalla mako 2. Wanda ya zo da safe yana cewa yau ake rufewa, ko dai ya koma hannu rabbana, ko ya sami layi uku da ba za su amfane shi ba.

Daga ƙarshe ka bar masa ƙofar uzuri. Shaidar da aka bayar don jin kunya takan fito da sanyi, masu ɗaukar ma'aikata kuwa suna gane sanyin.

6. Misalin wasiƙa

Ita wasiƙar shaida galibi da Turanci ake rubuta ta, domin shi ne harshen ofis. Amma roƙon, ana iya yinsa da harshen da kuka saba magana. Ga misali:

Zuwa ga Injiniya Wane,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Yallaɓai, ni ne Wane, ɗalibin sashen lantarki da ya yi koyon aiki a ƙarƙashinka daga watan kaza zuwa watan kaza na shekara kaza. Ni ne wanda ka ɗora wa rubuta rajistar gyaran janareta, muka kuma sake wayoyin ɗakin ajiya tare.

Na gama karatu da hidimar ƙasa, yanzu ina neman aikin mai kula da na'urori a kamfani kaza, za su rufe karɓar takardu ranar kaza. Suna neman shaida daga wanda ya ga aikina. Ina roƙon alfarmar ka yarda in sa sunanka, in kana ganin ka san aikina gwargwadon da za ka iya magana a kai. Na haɗo da sanarwar aikin da takardar tarihina. In kuwa hidimomi ba za su bari ba, wallahi ba komai, abin da ka koya mini ma ya isa godiya.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Wane.

In mace ce ta duba aikinka, sai ka ce Hajiya ko Malama ko ranki ya daɗe, gwargwadon yadda ake kiranta a ofis.

7. In an daɗe, ko an ƙi

Ma'aikaci yakan yi ritaya, ko a canja masa wurin aiki. In ka je ba ka same shi ba, ka tambayi ofishin kula da ma'aikata ko tsofaffin abokan aikinsa, ka roƙi su isar masa da saƙonka. Wanda ya yi ritaya yana iya ba da shaida, sai dai ya rubuta da sunansa da tsohon muƙaminsa, ba a kan takardar ofishin da ya bari ba. In ba a same shi sam ba, takardar nan ta tabbatar da horo da ka karɓa a ranar sallama za ta yi amfani, sa'an nan ka nemi malamin da ya kai maka ziyara daga makaranta.

In ya ce bai tuna ka ba, kada ranka ya ɓaci, ka nuna masa hoton sharhin da ya rubuta a littafinka. In ya yi shiru mako guda, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. In ya sake yin shiru, to ka gane amsarsa, ka nemi wani. Wasu kamfanoni kuma dokarsu ta hana ma'aikaci rubuta shaida da sunan kamfani, sai dai ofis ya tabbatar da kwanakin horo kawai. Wannan ba ƙiyayya ba ce.

In kun taɓa saɓawa a lokacin horo, ka auna. In laifinka ne kuma ƙarami, ka je ka gaishe shi, ka nuna ka girma, sau da yawa manya sukan yafe. In abin ya yi tsanani, gara ka nemi wani babba a sashen wanda shi ma ya ga aikinka.

8. Abubuwan da za a guje wa

Kada ka sa sunan mutum da lambar wayarsa ba da saninsa ba. In aka kira shi ya ce bai san da maganar ba, aikin ya kuɓuce, mutuncinka kuma ya zube a wurare biyu. Daɗin daɗawa, tun shekarar 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka lambar mutum da adireshinsa ba abin rabawa ba ne sai da yardarsa.

Kada ka rubuta wasiƙa da kanka ka kwaikwayi sa hannunsa, ko ka sassaƙa hatimin ofis. Yin jabun takarda laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ko an ɗauke ka aiki ma, ranar da aka gano za a kore ka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka nan kada ka roƙe shi ya ƙara watannin da ka yi, ko ya ce ka iya abin da ba ka iya ba.

Shaida ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya rubuta, ko ya nemi wani abin da bai dace ba daga ɗaliba, a rabu da shi, a kai ƙara ga shugabannin wurin ko ofishin SIWES na makaranta. In ma'aikacin gwamnati ne, hukumar ICPC, wadda aka kafa a shekarar 2000, tana karɓar irin wannan ƙara. Ɗaliba tana da damar ta tafi da ƙawa ko ɗan'uwa, ta kuma tsaya ga ganawa a ofis.

A kuma sani cewa tsohon maigidanka ba shi ne mai raba aiki ba. Ɗaukar ma'aikatan Gwamnatin Tarayya yana hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da hukumomin da doka ta ba izni, Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai kuma tana lura da kason kowace jiha. Abin da zai iya shi ne ya sanar da kai in an buɗe gurbi, ya kuma faɗi gaskiya a kanka. Wanda ya ce ka kawo kuɗi a saya maka gurbi, macuci ne.

9. Kira ga masu duba ɗalibai

Ku ma manyan ma'aikata akwai nauyi a kanku. Kowane ɗayanku akwai wanda ya taɓa tsaya masa. Yana da kyau ku ajiye ɗan littafi na sunayen ɗaliban da suka bi ta hannunku, da shekara, da layi ɗaya a kan kowanne. In an nemi shaida, ku rubuta abin da kuka gani: tsawon lokacin da kuka san shi, aikin da ya yi, da misali ɗaya ko biyu na ƙwazonsa. Wasiƙar da ta ce yaron kirki ne kawai ba ta kai wadda ta ce shi ne ya riƙe rajistar sito wata 4 ba a sami giɓi ba. In ba za ku iya yabonsa da gaskiya ba, ku ba shi uzuri tun da wuri domin ya nemi wani. Kada kuma ku duba garinsu ko addininsa ko ƙabilarsa, aikinsa aka tambaye ku.

10. Bayan an ba ka

Ka yi godiya a ranar. In an kira ka ganawa, ka sanar da shi domin ya zauna da shirin za a iya kiransa. In ka sami aikin, ya zama yana cikin waɗanda za su fara ji daga bakinka. In ba ka samu ba ma ka gaya masa, wataƙila ya san wata ƙofa. Duk lokacin da za ka sake sa sunansa a wani wuri, ka sake neman izni. In kuwa ta hanyarsa aka ɗauke ka, ka sani sunansa kake ɗauke da shi. In ka riƙe amana, ƙannenka da za su zo bayanka za su sami ƙofa a buɗe, in ka ci amana kuwa, kai ka rufe musu ita.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin shaida da gabatarwa da lamuni?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ya kamata ɗalibi ya yi kafin ya bar wurin horo?
3. Waɗanne takardu za ka haɗa wa wanda kake roƙon shaidarsa, kuma kwana nawa ya kamata ka ba shi?
4. Rubuta sunayen mutum biyu da suka ga aikinka da idonsu. Yaushe rabonka da gaishe su?